Ɗaurin Arvo Mai Yatsa Uku

Butulci ne ya ci Lonnie Prewitt. Ba giya ba ce, ba kuma allurar mayen nan da ta kwashe sa'o'insa da yawa ba. Wani ne ya yi waƙoƙi, shi ya rera, ranar da aka tambaye shi wa ya yi su ya buɗe baki ya ce shi ne. A rumfata abin ya fara, a gaban idona ya ƙare, don haka zan faɗa yadda na gani, wanda ya ji haushi ya ji.

Sunana Orval Stenvik. Aji shida na tsaya a makaranta, na yi shekara talatin da ɗaya ina sare itace a dazuzzukan bayan garinmu Hoquiam har gwiwoyina suka ƙi. Da na bar daji na kafa rumfa a bayan gida ina gyaran duk abin da aka yi da katako: kujera, ƙofa, akwati, har kayan kiɗa. A shekarun nan ne injinan tsaga katako suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, aiki babu, sai samari suka koma garejin iyayensu suna ruri da jitar lantarki. 'Yan jarida ne daga baya suka sa wa abin suna giranj. Mu hayaniya muke ce masa.

Su uku ne. Lonnie ke waƙa, dogo, gashi har kafaɗa, murya kamar zarto ya ci karo da ƙusa. Ba zan zalunce shi ba, muryar tasa ce, Allah ne ya ba shi. Darla Sundquist ke buga ganga, da rana tana raba kofi a gidan abinci na bakin gada, bakinta ya fi sandunanta zafi. Na ukun Arvo Kangas, mai kaɗa jita, abokin Lonnie tun suna aji ɗaya, wanda injin yanka allunan rufi ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu yana ɗan shekara goma sha tara.

Bayan hannun ya warke ne Arvo ya kawo mini jitar katako ta kakansa, wadda tsohon ya zo da ita a jirgin ruwa. Na juya ta, na ƙwanƙwasa, na saurara. Fuskarta ta yi siriri saboda tsufa, jakin kuma, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke kamawa a cikinta, gam ɗinsa ya gaji.

Na ce masa, "Yaro, wannan tsohuwa ce. In ka ja tsirkiyarta yadda kowa ke ja, za ta yage. Ka sassauta mata, kuma kada ta kusanci zafi."

Ya ce, "Dama ni yadda kowa ke ja bai yi mini ba, Baba Orval. Dubi hannun."

Ya zauna a kan akwatin ƙusoshi yana murɗa kunnuwan jitar, yana sassauta wannan, yana ɗan ƙara wancan, sati da satuttuka, har ya samo wani ɗauri da yatsu biyu za su iya dannawa, babban yatsa yana tallafe daga baya. Bai taɓa rubuta shi ba, a kunnensa yake. Sautin ya sauka ƙasa, ya yi nauyi, kamar nishin gungume a ruwa. Da wannan ɗaurin ya yi waƙa goma sha ɗaya. Akwai ta ubansa da ya nutse a kogi a tsakanin gungumai, akwai ta ƙarar injin da ya daina ji tun da aka rufe, akwai ta hayaƙin da ya bar fita daga dogon bututu.

Al'adarsu, kowace Lahadi bayan an tashi daga coci su taru a rumfata. Arvo ya kaɗa sabuwar waƙa a hankali, yana karanta wa Lonnie baiti-baiti. Darla ta ajiye rikoda a kan teburin aikina ta danna, don ita komai sai ta ɗauka a kaset. Daga nan su kwashi waƙar su kai gareji, su binne ta cikin ƙara.

Na taɓa ce wa Lonnie, "Kai, shekara nawa kana zaune kusa da mutumin nan, ko sau ɗaya ban ga ka dubi hannunsa ba."

Ya yi dariya ya watsa gashi baya. "Tsoho, me zan gani? Rabin hannu? Ni baki ne sana'ata."

"Ranka ya daɗe, sarkin gashi," in ji Darla. "Ranar da aka ɗauke wuta za mu ga sana'ar."

Wani ƙaramin kamfanin faifai na birnin Seattle ya ɗauke su. Ba a yi wata shida ba Lonnie ya fara ƙorafi. Arvo yana tsayawa a dandali kamar turke, yana juya wa jama'a baya, ba ya tsalle, ba ya kyau a hoto. A madadinsa aka nemo wani ɗan birni mai yatsa goma cif, wanda ya yi makarantar kiɗa. Cikin wannan rurin, ko ka kaɗa daidai ko ka kaɗa kusa da daidai, babu mai bambancewa.

Darla ce ta kawo kwalin faifan rumfata ranar da ya fito. Arvo yana nan yana taya ni goge ƙafar tebur. Ta miƙa masa. A bayan kwalin an rubuta cewa waƙa da kiɗa duka na L. Prewitt ne. Arvo ya karanta, ya sake karantawa, ya ajiye a hankali, ya ɗauki takardar gugarsa.

"Ba za ka ce komai ba?" in ji Darla. "Ni wallahi sai da na jefe shi da sanda."

"Kin same shi?"

"Na sami lasifika."

"To kin yi ɓarna a banza," in ji Arvo. Washegari ya kama aikin ɓare kawa, irin dodon koɗin ruwa da ake ci, a bakin teku.

Shekara biyu Lonnie yana sama. Sai iska ta juya. Mutanen da jiya suke son a fasa musu kunne suka ce yanzu a zauna a kujera, a cire wayar lantarki, a kaɗa katako zalla su ji abin da ke ƙarƙashin ƙarar. Ni na ji daɗin wannan juyin, ban ɓoye ba. Da aka yaye hayaniyar sai ga shi yaran nan kuka suke yi tun farko, irin kukan da iyayenmu ke rerawa a sansanin daji, mu ne ba mu ji ba. Amma abin yana da haɗari. Katako ba ya rufa wa kowa asiri. Waƙar da ke da ƙashi za ta tsaya, wadda babu za ta zube a gaban jama'a.

Wani gidan rediyo a Seattle ya gayyaci su Lonnie su yi irin wannan zaman, ranar Asabar da ƙarfe uku na rana, a wani tsohon zaure, mutum ɗari biyu a ciki, ana watsawa kai tsaye. Darla ta bugo mini waya bayan gwaji na uku.

"Baba Orval, gawa ce aka yi wa kwalliya. Ɗan makarantar nan yana kaɗa komai daidai, amma ba waƙar ba ce. Lonnie ya san haka. Jiya ya fasa kofi a bango."

Ranar Laraba da safe, ana yayyafi, na ji mota ta tsaya. Jitar Arvo tana rataye a bangon rumfata, don ya kawo in duba wata 'yar tsaga a gefenta. Lonnie ya shigo sanye da rigar 'yan daji mai layi-layi, sabuwa fil, wadda ba ta taɓa ganin ƙaron itace ba. Bai ko dube ni ba, bango ya duba.

"Tsoho, kana nan da ranka? Aron wannan na zo."

"Ba tawa ba ce."

"Kwana huɗu kawai. Sautin nan a cikinta yake, na gane yanzu. Na gwada jita bakwai a Seattle, duk kwali ne."

Na ajiye guduma. "Lonnie, gidan Arvo layi uku ne daga nan. Ƙarfe huɗu yake tashi aiki. Je ka, ka ce masa ka yi kuskure. Na san shi, zai wanke hannu ya bi ka, ya zauna a gefenka ya kaɗa."

A lokacin na ga tsoro a fuskarsa, ba girman kai ba, kuma shi ya fi tayar mini da hankali.

"In ya zauna a gefena ya kaɗa," ya ce, "duk mai kunne zai san wa ya yi su."

"To ai shi ya yi su."

"An riga an buga, tsoho. Na faɗa a jarida ya fi sau ashirin."

Ya miƙa hannu ya sauke ta. Na yunƙura, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Kafin in kai ƙofa yana sa ta a kujerar baya. Na ɗaga murya cikin ruwan: "Kada ka ja tsirkiyar! Kada ka kai ta kusa da zafi! Ka ji ni?" Ya ɗaga mini hannu ta taga kamar mai korar ƙuda.

Da yamma na gaya wa Arvo. Ya daɗe yana kallon ƙusar da babu komai a jikinta. Ya ce, "Asabar ka shirya da wuri, Baba. Za mu je mu ɗauko ta."

Awa biyu da rabi muka yi a tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, ruwa yana dukan gilashi. Na lura ya yanke farce, ya sa farar riga a ƙarƙashin kwat. Mutumin da zai je karɓar kaya kawai ba ya yanke farce. Yana sa ran za a ce masa zo ka zauna.

Darla ta tare mu a ƙofar baya, sigari a hannunta.

"Arvo, ya sa an taɓa ta."

"Wa ya taɓa?"

"Ya ɗauka zai kaɗa, yatsunsa suka ba shi shirme, don bai san ɗaurinka ba. Ya ce jitar ta kwance. Da safen nan ya sa ɗan makarantar ya zare tsofaffin tsirkiyoyi ya zuba sababbi masu kauri, ya ja su har inda littafi ya ce. Na yi ihu har muryata ta dishe. Ya ce in koma kan gangata."

Arvo ya wuce ta ya kama ƙofa, mai gadi ya tare shi da ƙirji. Sai ga Lonnie a lungu, mutanen rediyo biyu a bayansa da takardu a hannu. Suka haɗa ido.

Arvo ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Lonnie, sassauta ta. Minti biyar ya ishe ni. Ba sai na hau dandali ba, ba sai ka kira sunana ba. Ta kakana ce."

Ɗaya daga mutanen rediyon, wata mai tabarau, ta tambaya, "Wane ne wannan?"

Lonnie ya dubi Arvo, ya dubi hannun, ya dubi matar. "Wani masoyi ne daga ƙauyenmu," ya ce. "A ba su kujera." Ya juya ya shige.

Aka ba mu kujera a layin ƙarshe.

Sun yi wa dandalin ado da kyandir, ga manyan fitilu uku a sama suna zuba zafi. Tun daga baya ina ganin gumi a goshin Darla. Lonnie ya fito aka yi tafi, ya zauna a kan kujera mara baya, daidai ƙarƙashin fitilar tsakiya, jitar a cinyarsa. An sa makirfo ɗaya a bakinsa, ɗaya a bakin ramin jitar.

Mai gabatarwa ya ce, "Wannan kam ta ga duniya. Ina ka samo ta?"

"Ta kakana ce," in ji Lonnie. "A kanta na yi waƙoƙin nan duka, ni kaɗai, a wata rumfa, ruwa yana zuba."

Na ji Arvo ya saki numfashi a gefena, a hankali, kamar taya tana sacewa.

Waƙar farko ta wuce. Muryar ta ɗauke ta, jama'a suka yi tafi, amma tafin ladabi. Jitar tana ƙara sama-sama, a matse, kamar an shaƙe ta. A tsakiyar ta biyu na ji abin da nake tsoro. Wani ɗan "tik", ƙarami, ya fito ta lasifika. Mutane sun ɗauka farce ne ya taɓa katako. Ni shekara talatin da ɗaya na yi ina jin wannan sautin. Shi itace ke yi kafin ya faɗi, lokacin da har yanzu yana tsaye kamar ba komai. Wanda ya ji shi a daji ba ya tsayawa ɗaukar hula.

Na kama hannun Arvo. Ya ce, "Na ji."

Tik. Sai kuma tik, tik.

Na miƙe da gwiwoyin nan nawa na ce, "Ajiye ta, Lonnie!" Aka juyo ana hararata, wani ya ce tsoho ya sha. Lonnie ya gane muryata. Ya yi murmushi ya ce wa jama'a, "Mutanen garinmu ke nan, ba su iya zama shiru ba." Aka yi dariya. Ya ce ta uku ita ce ta mutumin da ya nutse a tsakanin gungumai, ya ɗaga hannu ya sauke shi da ƙarfi a kan tsirkiya shida.

Kamar harbin bindiga. Jakin ya ɓalle, ya yage fuskar jitar tun daga ciki har bakin rami, ya taso sama da tsirkiyoyin a jikinsa kamar bulala. Lonnie yana sunkuye a kanta. Ya yi baya da kujerar, hannu biyu a kan fuskarsa, jini yana bi ta tsakanin yatsu. Kyandir biyu suka faɗi. Zauren ya yi tsit, rediyo kuma tana watsa shirun nan har inda take kaiwa.

Darla ta ajiye sandunanta a kan ganga. Ta jawo makirfonta, muryarta a dishe, ta ce, "Jitar ba ta kakansa ba ce. Waƙoƙin ma ba nasa ba ne. Mai su yana layin ƙarshe, an ce muku masoyi ne daga ƙauye."

Mutum ɗari biyu suka juya. Arvo ya tashi ya bi ta tsakiya, bai yi sauri ba. Ya hau dandali, ya fara durƙusawa wajen Lonnie, ya zare farin hankicinsa ya danna masa a ido, ya ce wa masu tsaye a kira motar asibiti. Sannan ya tuɓe kwat ya shimfiɗa, ya riƙa tsince ɓarɓashin katako ɗaya-ɗaya da yatsun nan uku, kowa yana kallon hannun. Mai gabatarwa ya miƙo masa makirfo. Ya girgiza kai, ya ƙulle kwat ɗin, muka fita.

Sati na gaba Darla ta kai wa mai tabaraun nan kaset ɗaya daga cikin na Lahadi. Suka sa shi a rediyo yadda yake. Ana jin ruwa a kwanon rumfata, ana jin ni ina tari, ana jin jitar can ƙasa tana nishi, sai muryar Arvo: "A'a, Lonnie, ba haka ba. Saurara, in sake." Sau tara ya faɗi haka a waƙa ɗaya. Kaset ɗin nan ya bi hannu-hannu, kowa yana kwafa wa wani, ya je garuruwan da ban san sunansu ba. Waɗanda suka ji shi da yawa sun daina sa faifan.

Hunturu guda na yi ina yi wa jitar sabuwar fuska da itacen da na sare da hannuna tun ina da ƙarfi. Ta yi magana, amma ba da tsohuwar muryar ba, waccan ta tafi. Arvo bai koma dandali ba, kawa ya ci gaba da ɓarewa. Sai dai ranar Lahadi rumfata ba ta ɗaukar mutane don yawa. Suna zuwa da jitar katako, wasu daga nesa, ya nuna musu yadda ake sassauta tsirkiya, su kuma suna kiran abin ɗaurin Arvo. Sharaɗinsa ɗaya ne: ka dubi hannun.

Lonnie kuwa, ga abin da ya rasa. Ganin idon hagu, likitoci sun yi aiki biyu bai dawo ba. Darla, wadda ba ta sake buga masa ganga ba. Kamfanin, da ya sake buga kwalin da sunan A. Kangas ya sallame shi. Waƙa goma sha ɗaya, da in ya buɗe baki zai rera ɗaya sai wani daga baya ya ce, "A'a, Lonnie, ba haka ba." Hoquiam, don tun ranar bai sake tsallaka gadar shiga gari ba, ko da aka binne uwarsa a mota ya tsaya can ƙetare. Da abokin da ya yanke farce ya sa farar riga ya yi tuƙin awa biyu da rabi cikin ruwa don ya rufa masa asiri. Muryar kaɗai ta rage masa, ba shi da abin da zai rera da ita.